Ƙusar Baba

Duk wanda ya shigo shagonmu, keken ɗinkina yake fara gani, sannan teburin Baba. Amma da za a tambaye ni abin da ya fi komai daraja a ɗakin nan, wata tsohuwar ƙusa zan nuna a jikin bango. Tun ina rarrafe take wurin, kuma ba a rataya mata ko hula. Sau ɗaya na rataya mata jakar makaranta ina yarinya, ranar na san Baba yana da murya.

Baba mai washi ne, amma ba na wuƙar kicin ko almakashi ba. Wuƙar injin yankan ciyawa yake wasawa, wato dogon ƙarfen nan mai huda a tsakiya da ke juyawa a ƙarƙashin injin. Masu aikin lambu su kwance ta su kawo masa ta dakushe, ta ci duwatsu, ciyawa ta bushe a jikinta kamar laka. Sai ya kankare ta tas, ya matse ta a bakin teburi, ya ɗauki magagari. Gaba kawai yake tura magagarin, ba ya dawo da shi a kan ƙarfe. Kuma ba ya yi mata kaifin aska. Yakan ce wuƙar da ta cika kaifi dutsen farko zai karya mata baki, wadda ta dakushe kuma ba yanka take yi ba, tsinka take yi, washegari ka ga bakin ciyawa ya yi ja kamar an babbaka.

Washin ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne bayan an gama. Wuƙar nan baki biyu gare ta, in gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi ko da kaɗan ne, injin zai yi ta rawa har ya cinye kansa. Shi ya sa in Baba ya gama sai ya rataya ta a ƙusar nan ta hudar tsakiya, ya ja da baya ya tsaya a wani wuri da ƙafarsa ta riga ta cinye simintin. In gefe ɗaya ya sauka, sai ya sauke ta ya rage wa gefen nauyi, ya sake ratayawa. Haka zai yi ta yi har ta kwanta sambal.

“Ido ba mudu ba ne, Auta,” yakan ce mini, “amma ya san ƙima.”

Ni ce autarsa, kuma ni kaɗai na rage tare da shi a gidan tun rasuwar Mama. Yayana magini ne, yana can wata unguwa mai nisa da iyalinsa a saman bene. Ya daɗe yana son ya ɗauke Baba. Ya gyara masa ɗaki, ya sa masa kujera mai taushi a jikin taga, har da fanka. Ni kuwa na san wannan kujerar kabari ce mai matashi. Mutumin da tun yana saurayi ƙarfe ne a hannunsa, ka kai shi saman bene ya yi me? Ya ƙirga motoci?

“Auta, ke ba kya ganin idonsa?” in ji Yaya. “Yanar ido ta rufe masa na hagu, na daman ma ga shi nan dai.”

“Idonsa ya ishe shi aikinsa. Kai dai so kake a ce ka riƙe uba.”

“Bakinki ne zai kashe ki, yarinyar nan.”

Baba ne ya raba gardamar da kansa. Ya ce muddin akwai mai kawo masa wuƙa, yana nan a shagonsa. Ranar da aka daina kawowa, Yaya ya zo da mota. Mu duka muka amince, ni da murna, don a lokacin ban san yadda maganar take da siririn zare ba.

Gaskiya masu kawowa sun ragu. Samari sun buɗe wurare a bakin titi da injin washi na lantarki, kafin ka gama gaisawa sun miƙo maka wuƙarka tana ƙyalli. Baba yakan yi tsaki ya ce ƙona ƙarfe kawai suke yi, in ka ga bakin wuƙa ya yi shuɗi to ya mutu. Amma mutane sauri suke so. Waɗanda suka rage mana ba su da yawa: wani mai lambun gidajen manya, wani mai gadin makaranta, sai Mai Fili. Shi Mai Fili shi ke kula da ciyawar babban filin ƙwallo, injuna ne a hannunsa ba ɗaya ba, kuma duk mako sai ya zo a kan babur da wuƙaƙe naɗe a tsohon buhu. Shi ne ginshiƙin shagon, kowa ya sani. Mutum ne mai tsananin ladabi, duk da furfurar da ke gemunsa ba ya zama sai Baba ya ce masa zauna.

Bayan damina bangon shagon ya kumbura, filasta ta dinga zubowa a kan ɗinkin mutane. Ni na yi ta yi wa Yaya mita, ina cewa magini guda a gida amma bangon ubansa yana ɓarewa kamar albasa. Ranar da na kai Baba asibitin ido, ashe Yaya ya zo da kayan aikinsa. Muka kwana biyu a gidan wata ’yar uwar Mama kusa da asibitin, muka dawo muka tarar da shago fari fat. Sabuwar filasta mai kauri, fenti yana ƙamshi.

Abin da Baba ya fara nema ƙusarsa ce. Yaya ya kama hannunsa ya kai shi.

“Ga ta nan, Baba. Ita ce dai, ban canza ba. Sai da na auna daga ƙasa, na auna daga ƙofa kafin in cire ta, na mayar da ita inda take. Na kafa ta da kyau, ko buhun siminti ka rataya ba za ta motsa ba.”

Baba ya shafa kan ƙusar, ya sa masa albarka. Wallahi har ni sai da na ce wa Yaya sannu, abin da ba kasafai nake yi ba.

Daga nan sai wani abin mamaki ya fara faruwa. Da, Baba yakan rataya wuƙa ya sauke, ya rataya ya sauke, wani lokaci har abinci ya huce. Yanzu da ya rataya sau ɗaya sai ta tsaya cak, a miƙe, ba gefen da ya sauka. Ya matso kusa, don ya daina ja da baya zuwa tsohon wurin tsayawarsa, ya kanne ido ɗaya ya duba, sai ya yi dariya.

“Auta, zo ki ga ikon Allah. Hannu ya gama koyon aiki sai da ido ya tafi.”

Na ɗago daga kan keke na duba. A miƙe take kuwa.

“Su o’o masu cewa ka tsufa, su zo su gani,” na ce.

Kwanakin nan Baba ya yi farin cikin da na daɗe ban gani ba. Yana aiki yana ’yar waƙa ƙasa-ƙasa, yana tsokanata wai ɗinkina ne karkatacce, in kawo rigunan ya rataya mini a ƙusa. Har ƙarin abinci yake nema. Na kira Yaya a waya na yi masa gori, na ce ya ba da hayar ɗakin benen.

Mai lambun gidajen manya ne ya fara zuwa da ƙorafi. Ya ce injinsa yana karkarwa, in ya gama aiki hannuwansa kamar ba nasa ba. Baba ya ce ya duba notin da ke riƙe wuƙar, wataƙila bai ɗaure da kyau ba. Mutumin ya ce to, ya tafi, bai sake dawowa ba. Mai gadin makaranta ko ƙorafin bai yi ba, sai dai na hango shi wata rana a bakin titi a wurin samarin nan, da ya gan ni ya juya kai yana kallon wata mota. Ban gaya wa Baba ba. Na dai ce a raina mutane ne, ba su da alƙawari.

Sai ranar da Mai Fili ya zo ba ranar zuwansa ba, kuma babu buhu a bayan babur. Wuƙa ɗaya ce a hannunsa. Ya gaida Baba kamar kullum, aka ce ya zauna, bai zauna ba.

“Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Babban injin ya lalace. Ƙarfen da wuƙa ke juyawa a kai ya lanƙwashe, ya ci abin da ke riƙe da shi. Ina cikin yanka ya fara tsalle a hannuna, kafin in kashe shi wuƙar ta kwance ta fita. Bangon maƙwabta ta sara. Da yara suna atisaye a lokacin, da yanzu wani zance ake yi.”

Na tsayar da keke. Baba ya ce, “Subhanallahi. Dutse ka hau?”

“Ban hau komai ba. Bakanike ya ɗora wuƙar a abin awonsa, ya ce gefe ɗaya ya fi nauyi sosai. Ya duba sauran da kuka wasa mini kwanan nan, duk haka suke.”

“Ƙarya yake yi!” Ni ce na faɗa, ban san ma na miƙe ba. “So yake ya ƙwace aikin, ya kai wa ’yan uwansa masu ƙona ƙarfe. Tun ba a haifi bakaniken nan ba Baba yake wasa wuƙa!”

“Auta,” in ji Baba. Ya miƙa hannu, Mai Fili ya ba shi wuƙar. Ya lalubi ƙusar ya rataya ta. Ta tsaya cak, a miƙe.

“To, ka gani da idonka,” na ce.

Mai Fili ya kalli wuƙar, ya kalli ƙasa. Ba mutum ba ne mai jayayya da babba.

“Ni dai ban san yadda aka yi ba, Baba. Amma shugabannin fili sun ce daga yau bakanike ne zai riƙa kula da wuƙaƙen, in ba haka ba ni ma in nemi wani aikin. Ina da iyali. Ku yafe mini.”

Baba ya ce babu komai, Allah ya tsare gaba. Har ƙofa ya raka shi. Mai Fili ya manta wuƙar a bango, ko kuma kunya ta hana shi karɓa.

Da ƙarar babur ta ɓace, Baba ya sauke wuƙar ya ɗora tsakiyarta a kan ɗan yatsansa. Na ga ta rinjaya gefe guda har sai da ya tare ta da ɗaya hannun. Ya mayar da ita kan ƙusa, ta tsaya a miƙe. Ya daɗe a wurin, hancinsa kusan yana taɓa ƙarfen.

“Auta, gaya mini tsakaninki da Allah. A miƙe take?”

“A miƙe take, Baba.”

“Hannuna ya ce ba a miƙe take ba.”

“Wallahi a miƙe take. Ai yatsa ba ma’auni ba ne, zamewa ta yi.”

Ya juyo ya fuskance ni da farin idon nan nasa, ya yi wani murmushi da har yau ban manta da shi ba.

“Ke ma kin fara yi mini irin maganar da ake yi wa marar lafiya. Tun yaushe take karkacewa kina ce mini a miƙe take?”

Na rantse, na sake rantsewa, har na yi kuka don haushi. Gaskiya nake faɗa, amma duk rantsuwar da na ƙara sai ya ƙara gaskata cewa tausayinsa nake ji. Ya ce ba laifina ba ne, ’ya ta gari ce ke rufa wa ubanta asiri. Ya goge magagarinsa da tsumma, ya shafa masa mai, ya naɗe. Sannan ya ce in kira masa yayana.

“Baba, mu jira mana. Wani zai kawo.”

“Wa?”

Na ƙi kiran dai, sai shi ya lalubi wayarsa ya kira da kansa.

Kwanakin da suka biyo baya ban ga Baba ya shiga shago ba. Yana zaune a tsakar gida, in an ba shi abinci ya taɓa kaɗan ya ture. Ni kuma na yi ta fushi da kowa: da Mai Fili, da bakanike, da Yaya, har da masu kawo ɗinki. Wata ta ce hannun rigarta ya matse, na ce hannunta ne ya kumbura.

Ranar tafiya Yaya ya zo da hantsi da motar wani abokinsa. Ba ya murna, wannan kam na shaide shi. Muka kwashe kayan sawa, da bargo, da magunguna. Baba ya ce teburi da magagari a bar su, in na sami mai so in ba shi. Na shiga shago don in ɗauke wuƙar Mai Fili daga bango, don ba na son ina ɗinki tana kallona.

Da na kama ta sai gefe ɗaya ya yi ƙasa a hannuna, na ji wani ƙaramin kuka, ƙiii, irin na ƙarfe a jikin siminti. Na saki. Ta tsaya a karkace, inda na bar ta. Na tura ɗaya gefen ƙasa, na saki. Nan ma ta tsaya. Na miƙar da ita, ta tsaya a miƙe. Duk yadda na ajiye ta haka take zama, kamar hoton da aka manna.

Na cire ta na duba bangon. A kan sabon farin fentin, kewaye da ƙusar, ga baƙin tabo nan da ƙarce-ƙarce, inda wuƙaƙe suka yi ta gogar bango. Ƙusar da a da take fitowa har a rataya wuƙa ta yi lilo ba ta taɓa komai ba, yanzu ɗan kanta kawai ya rage a waje. Sabuwar filasta ta cinye rabi, gudumar Yaya ta cinye saura. Duk wuƙar da Baba ya rataya tun ranar, jingina take yi da bango. Ba awo ake yi ba, ajiya ake yi.

Na ƙwala ihu har maƙwabta suka leƙo.

“Baba! Yaya! Ku zo ku gani! Ba idonka ba ne, Baba, ƙusar ce! Wannan mai gudumar ne ya nutsar da ita!”

Suka shigo, Yaya yana riƙe da hannun Baba. Na nuna musu, ina turawa tana tsayawa, ina magana ina haɗiye rabin kalmomin. Yaya ya sa yatsa a bayan wuƙar, yatsan bai shiga ba. Na ga fuskarsa ta zube. Ya dafa kai da hannu biyu.

“Innalillahi. Ni fa gani na yi ta yi tsawo, kar ta kama rigar wani. Baba, wallahi gyara na yi niyya.”

“Garin neman gira ka rasa mana ido,” na ce, kuma da Baba bai ɗaga hannu ba da na faɗi abin da ya fi haka.

Yaya ya fita da gudu ya ɗauko filaya a mota. Ya ce yanzun nan zai jawo ta, kuma da kansa zai je wurin Mai Fili da shugabanninsa ya ce laifinsa ne, ko durƙuso ne zai yi. Ya kama kan ƙusar yana murɗawa a hankali, filasta tana zubowa, har ta fito kamar yadda take a da. Ni zuciyata ta yi fari ƙal. Har na fara tunanin sauke kaya daga mota.

Baba kuwa yana shafa ƙarce-ƙarcen bangon da tafin hannu.

“Auta,” ya ce, “in an rataya wuƙa a ƙusa, me take fara yi?”

“Lilo take yi, Baba. Ta yi nan, ta yi nan, sannan ta tsaya.”

“To. Tun da aka gyara bangon nan ba ta yi lilo ba ko sau ɗaya. Ke tela ce, ba aikinki ba ne ki lura. Yayanki magini ne, shi ƙusa in ba ta nutse ba bai yi aiki ba. Ni fa? Ina tsaye a gabanta kullum, ban ga ta daina motsi ba. Tana gogar bango, ban ji ba. Har ina kiran ki ki zo ki ga gwaninta.”

“Amma yanzu an gyara!”

“An gyara ƙusa. Gobe in wani abin ya sake kaucewa, wa zai gani? Wuƙar nan bango ta sara wannan karon. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, Auta.”

“Kai ba makaho ba ne! Tsaya ka gani. Ka tsaya kawai ka gani.”

Na kama kafaɗunsa na ja shi baya zuwa wurinsa na da, inda ƙafarsa ta cinye siminti. Na buɗe taga duka, haske ya shigo. Na ɗauki wuƙar Mai Fili na rataya a ƙusar, na saki. Ta yi lilo. Ta yi nan, ta yi nan, sannan gefen hagu ya fara sauka a hankali, ya yi ta sauka har ya kusa kallon ƙasa. Baƙin ƙarfe a kan farin bango, ko daga bakin titi mutum zai hango.

“Ka gani, Baba? Ka ga ƙusar ta dawo aiki?”

Yana tsaye, fuskarsa tana kallon bangon daidai. Ya kanne ido ɗaya kamar yadda ya saba. Ni da Yaya muka zuba masa ido.

“Wane gefen ne ya sauka?” ya ce.

Yaya ya juya baya yana share fuska da hannun riga.

Baba ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsar. Ya miƙa hannu gefe yana neman na Yaya.

“Mu je, kar mu tsayar da motar mutane.”

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

“Auta, ki sauke wuƙar nan kar ta faɗo wa wani. Ƙusar kuma ki rataya abin awonki, ta fi kusa da keken.”